RA'AYINMU: Koken iyaye a kan makarantu, wa ke bincike, kuma wa ke biya?

Masu iya magana kan ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Duk wanda ya saba zama a majalisun Aboabo, Sawaba, Asawase ko Akwatia Line bayan sallar isha'i ya san cewa babu hirar da ta kai ta makarantun yara tsawo. Wannan ya ce an koro ɗansa saboda wani kuɗi da bai san daga inda aka ƙirƙiro shi ba, wancan ya ce an yi wa 'yarsa bulala har jikinta ya tashi, wani kuma ya ce malamin ajin ɗansa sai ya ga dama yake zuwa. Haka nan muke jin irin waɗannan koke-koke a duk lokacin da aka buɗe layukan waya a gidajen rediyonmu. Abin takaicin shi ne, mafi yawansu a nan suke farawa, a nan kuma suke ƙarewa. Ba sa isa teburin wanda doka ta ɗora wa alhakin bincike.

Wannan matsala ta fi shafar ku 'yan kasuwa da ke fatauci a bakin iyaka, domin da yawa daga cikinku kuna Paga, Bawku, Aflao, Elubo ko Hamile, yaranku kuwa suna Kumasi a hannun iyayensu mata, kakanni ko 'yan uwa. Mai sauke albasar Nijar ko mai lodin goro ba zai iya barin kayansa a tasha ya yi tafiyar da ta haura kilomita 500 daga Paga zuwa Kumasi don ganin hedimasta ba, balle a ce masa ya je ya dawo wani makon. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana ƙofofin da ake bi, irin binciken da kowace hukuma ke yi, da kuma abin da binciken ke ci, sannan mu faɗi abin da muke gani ya kamata a gyara.

Da farko dai, akwai hukumar da aka kafa musamman domin sa ido a kan makarantu. Dokar ilimi ta 2008 ce ta fara samar da hukumar duba makarantu ta ƙasa, sannan a 2020 majalisar dokoki ta zartar da doka mai lamba 1023 wadda ta sake mata fasali, ta ƙara mata iko, aka kuma sa mata sunan da ake taƙaitawa da NaSIA. Ikonta ya haɗa da makarantun gwamnati da masu zaman kansu, tun daga ajin renon yara har zuwa babbar sakandare. Ita ke yi wa makarantu masu zaman kansu rajista, ita ke ba da lasisi, kuma sakamakon bincikenta na iya kaiwa ga rufe makaranta na ɗan lokaci ko ma gaba ɗaya.

Dubawar da wannan hukuma ke yi iri-iri ce. Akwai wadda ake bin makaranta gaba ɗaya, daga shugabanci da koyarwa har zuwa gine-gine da makewayi. Akwai wadda ake mai da hankali a kan yadda ake koyarwa da abin da yara ke fahimta a cikin aji. Akwai wadda ake komawa don a ga ko makaranta ta cika sharuɗɗa, ko ta gyara abin da aka ce ta gyara. Sai kuma ta huɗu, wadda ta fi shafar maganarmu ta yau, wato binciken da ake yi idan wani abu ya faru ko an shigar da ƙorafi. Ukun farko hukuma ce ke tsara lokacinsu. Na huɗun kuwa ba ya tashi sai wani ya buɗe baki.

To amma ba kowane kuka ake kai wa NaSIA ba, kuma rashin sanin wannan shi ke sa iyaye yawo daga ofis zuwa ofis har su gaji. Idan maganar kuɗi ce a makarantar gwamnati, ko malami ba ya zuwa aiki, ƙofar farko ita ce hedimasta da kwamitin gudanar da makaranta, wanda iyaye da mutanen unguwa ke da wakilci a ciki. Daga nan sai jami'in da ke zagaya makarantun yanki, sai kuma daraktan ilimi na gunduma a ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Ghana, wato GES. Ga mafi yawan unguwannin Zangon Kumasi, ofishin da abin ya shafa shi ne na gundumar Asokore Mampong, wadda aka yanke daga birnin Kumasi a 2012. Makarantunmu na Ingilishi da Arabiyya da gwamnati ke tallafa wa kuwa suna da ƙarin ƙofa, wato sashen ilimin Musulunci da aka kafa a 1987.

A nan ya kamata iyaye su san haƙƙinsu. Tun 2005 gwamnati ta soke kuɗin makaranta a matakin firamare da ƙaramar sakandare, ta maye gurbinsa da tallafin da take biya a kan kowane yaro, wanda ya fara da sidi 30,000 na tsohon kuɗi, wato sidi 3 a lissafin yanzu. A watan Satumba na 2017 aka fara shirin babbar sakandare kyauta. A wannan shekara ta 2017 kuma GES ta haramta dukan yara a makarantu, a 2019 ta fitar da ƙa'idojin ladabtarwa ba tare da bulala ba. Saboda haka uban da ya tambayi dalilin wani kuɗi da aka ɗora wa ɗansa, ko uwar da ta tambayi dalilin tabon da ta gani a bayan 'yarta, ba rashin kunya suka yi ba, abin da doka ta ba su suka nema.

Idan laifin na ɗabi'ar malami ne, akwai majalisar kula da aikin koyarwa ta ƙasa, wadda ta fara jarrabawar ba malamai lasisi a 2018, kuma tana da ikon janye lasisin wanda ya ci amanar aikinsa. Idan kuwa abin ya kai ga lalata da yarinya ko yaro, ko dukan da ya jawo rauni, wannan ya wuce maganar ofishin ilimi, laifi ne na ƙasa, kuma wurin kai shi shi ne sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin iyali. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau da yawa mu da kanmu muke kashe irin wannan magana da sunan rufin asiri, a tara dattawa a zaure a ce a bar wa Allah, mai laifin kuwa ya koma wata makarantar ya ci gaba da ɓarnarsa a kan 'ya'yan wasu. Sulhu alheri ne a rikicin bashi ko na iyakar fili, amma ba a sulhu a kan mutuncin yaro.

Ƙofa ta ƙarshe kafin kotu ita ce hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da adalci a ayyukan gwamnati, wato CHRAJ, wadda tsarin mulkin 1992 ya tanada, aka kuma kafa ta a 1993. Tana da ofisoshi a jihohi da gundumomi, ba ta karɓar kuɗi a kan ƙorafi, kuma dokarta ta yarda mutum ya kai kukansa da baki, ba dole sai a rubuce ba. Sai dai a lura da abu biyu: tana iya ƙin sauraron maganar da mai ita ya sani ya kuma yi shiru fiye da wata 12 ba tare da dalili ba, sannan ba ta shiga maganar da ke gaban kotu.

Yanzu bari mu zo ga tsada. A takarda, kai ƙorafi kyauta ne. A aikace kuwa ba haka abin yake ba, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa kuɗin kaya daban, kuɗin dako daban. Mai ƙorafi zai biya kuɗin mota, zai nemi wanda zai rubuta masa takarda da Ingilishi, zai rufe shago ko ya bar rumfa a hannun yaro, sannan zai yi ta zarya. Ga matar da ke sayar da koko ko waake da safe, yini guda a ofishin gunduma cinikin yini guda ne ya tafi. Amma tsadar da ta fi wannan nauyi ita ce fargaba. Kowane uba yana tunanin cewa bayan ya koma bakin iyaka, yaron ne zai zauna a aji ɗaya da wanda aka kai ƙara. Wannan fargabar ce ke rufe bakin mutane fiye da kuɗin mota.

Ita ma hukuma binciken yana ci mata kuɗi. Kafin a tabbatar da ƙorafi guda, sai an tura jami'ai, an zuba mai a mota, an duba rajistar halartar malamai da littafin kuɗi, an ji ta bakin yara da malamai da iyaye, an rubuta rahoto, an kuma koma a ga ko an gyara. Binciken kuɗin da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba yana iya ƙarewa cikin yini ɗaya idan akwai rasiti. Binciken ginin da ya tsage yana buƙatar injiniya, na cuta yana buƙatar likitoci da ɗakin gwaji, na cin zarafi kuwa yana buƙatar 'yan sanda da jami'an jin daɗin jama'a. Ke nan kowane iri da nasa nauyin, kuma hukumar da ba a ware mata isasshen kuɗi ba dole ta riƙa zaɓen wanda za ta bi. Idan aka zo zaɓe kuwa, ba sai an faɗa ba, kukan da ya fito a talabijin shi ake fara bi, na lungun Sawaba ya jira.

Akwai kuma wani ɓangare da ya kamata a duba da idon basira. Makarantu masu zaman kansu suna biyan NaSIA kuɗin rajista da na lasisi, kuma ƙungiyoyin masu makarantun sun sha kokawa a kan yawan kuɗaɗen da hukumomi daban-daban ke karɓa a hannunsu. Kowa ya san inda wannan kuɗi ke fitowa, daga aljihun iyaye ne, domin mai makaranta a kan kuɗin zango zai ɗora shi. Tunda haka ne, iyaye sun riga sun biya kuɗin sa ido tun kafin su buɗe baki, ga kuma harajin da suke biya a kasuwa da bakin iyaka. Don haka idan suka nemi a yi bincike ba alfarma suke roƙo ba. Har ila yau, a ganinmu bai dace aikin binciken ƙorafi ya dogara da kuɗin da ake karɓa daga waɗanda za a bincika ba. Ya kamata a ware masa nasa kason a fili cikin kasafin kuɗin ƙasa.

Wani zai ce ai duk wannan ɓarnar kuɗi ce a ƙasar da yara ke karatu a ƙarƙashin bishiya. Amsarmu ita ce, a dubi abin da shiru ke jawowa. A ranar 13 ga Yunin 2022 ɗaliban babbar sakandaren Musulunci da ke Abrepo a nan Kumasi suka tare hanya saboda yadda motoci ke yawan kaɗe mutane a ƙofar makarantarsu. 'Yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye, aka kwashi ɗalibai fiye da 20 zuwa asibiti, Sufeto Janar na lokacin ya taso daga Accra, aka dakatar da wasu manyan jami'ai, majalisar dokoki ta tura kwamitinta. A lissafa kuɗin asibiti, da na jigilar manya, da na zaman kwamiti, da karatun da aka rasa, da tashin hankalin iyaye, sannan a kwatanta da abin da za a kashe wajen sauraron kukan tun farko a yi tudun rage gudu a titi. Ko a ƙarshen 2017, lokacin da ɗalibai suka rasu a makarantar Kumasi Academy da ke Asokore Mampong, gwaji ya kuma nuna murar H1N1 ce, mun ga yadda iyaye suka yi dafifi suna kwashe 'ya'yansu saboda ba su sami gamsasshen bayani da wuri ba. Rigakafi dai ya fi magani, kuma ya fi shi araha.

Haka zalika, idan ƙananan ƙofofi suka kasa, sai magana ta faɗa kotu, inda talaka ba ya iya bi. A 2021 makarantar Achimota ta ƙi karɓar wasu ɗalibai biyu mabiya aƙidar Rasta saboda gashin kansu, sai da babbar kotu ta yanke hukunci a ranar 31 ga Mayu na wannan shekara cewa a karɓe su. A shekarar ce kuma aka hana wata ɗaliba Musulma azumi a makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast. GES ta ba da umarnin a bar masu azumi su yi, cocin Methodist da ta kafa makarantar ta ce ba ta yarda ba. A 2024 majalisar zaman lafiya ta ƙasa ta jagoranci wata yarjejeniya a kan haƙuri da addinin juna a makarantun mishan, amma duk da haka a ƙarshen shekarar wani lauya ya kai maganar Kotun Ƙoli. Darasin da ke ciki a bayyane yake: umarnin da babu mai bin sawunsa takarda ce kawai. Iyaye nawa ne a Zango za su iya ɗaukar lauya har zuwa Kotun Ƙoli?

Bisa waɗannan dalilai, muna kira ga Ma'aikatar Ilimi da NaSIA da GES da su ɗauki matakai kamar haka. Na ɗaya, a kowace shekara a fito da lissafi jiha-jiha, gunduma-gunduma: ƙorafi nawa aka karɓa, nawa ne na kuɗi, nawa na duka, nawa na addini, nawa na lafiya da gine-gine, nawa aka bincika, kwana nawa kowanne ya ɗauka, nawa aka kashe, kuma me ya biyo baya. Kada a tsaya ga lika shi a intanet da Ingilishi, a karanta shi a rediyo da Hausa da Twi da Dagbani. Dokar 'yancin samun bayani ta 2019 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan alƙaluma, kuma mu 'yan jarida nauyi ne a kanmu mu nema. Ɗan kasuwar da ba ya duba littafinsa ba ya sanin inda jarinsa ke zurarewa, haka ma hukuma.

Na biyu, a karɓi ƙorafi da baki da kuma ta waya, a harshen da mai ƙorafin ke ji, a ba shi lambar shaida da zai riƙa bin maganarsa da ita ko yana Aflao ko yana Cinkasse. Idan ana iya aika kuɗin makaranta ta wayar hannu daga bakin iyaka, babu dalilin da zai sa a ce kuka sai an kawo shi da ƙafa. Na uku, a ƙayyade wa'adi: kwana kaza a amsa, kwana kaza a kammala, kuma abin da ya shafi lafiya ko mutuncin yaro a sa shi a gaba da komai. Na huɗu, a ɓoye sunan yaron da iyayensa suka kai ƙara, a kuma hukunta duk wanda ya huce haushinsa a kansa. Na biyar, duk ofishin da aka kai wa kukan da ba nasa ba, shi ya tura shi inda ya dace, maimakon ya ce wa tsohuwa ta koma Adum ko ta tafi Accra.

Mu ma a namu ɓangaren akwai gyara. Muna kira ga sarakunan Zango, limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, musamman na masu goro, albasa da shanu, da su ware mutum biyu ko uku masu ilimi a kowace unguwa waɗanda za su riƙa raka iyaye ofis, suna rubuta musu takarda, suna bin maganar har ƙarshe. A 2025 gwamnati ta dawo da ƙungiyoyin iyaye da malamai a makarantu, to kada mu bar kujerunmu a cikinsu babu kowa. Wanda ba ya gari ya wakilta wani da sunansa, ya bar lambar wayarsa a makaranta. Kowane kuɗi aka biya a karɓi rasiti a adana, kamar yadda ake adana takardar kwastan, domin binciken da ke da shaida ya fi sauri, ya kuma fi araha. Kafin ka sa ɗanka a makaranta mai zaman kanta, ka nemi ganin lasisinta, kada sai lokacin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ya zo ka ji cewa ba a yi wa yaron rajista ba.

Sannan masu makarantunmu na Islamiyya kada su ɗauki zuwan mai dubawa a matsayin cin fuska ko yaƙi da addini. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba zai yiwu mu nemi a binciki makarantun mishan idan sun tauye 'ya'yanmu, sannan mu rufe ƙofa idan an zo duba namu ba. Haka kuma muna jan kunnen masu kai ƙarar ƙarya don hassada ko gaba. Malamai da yawa suna aiki cikin ƙunci, aji cike da yara, albashi ba ya kai wata, kuma ƙazafi guda na iya rusa sunan da mutum ya yi shekara 20 yana ginawa. Kowace ƙarar ƙarya tana cinye man motar da ya kamata a bi ta gaskiya da shi.

Daga ƙarshe, muna tunatar da hukumomi cewa sashe na 25 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin samun ilimi daidai da kowa, bai ware ɗan Zango ba, bai kuma ware ɗan wanda sana'a ta kai shi bakin iyaka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma iyaye su ne masu ɗakin. Hukumar da ta sauƙaƙa musu hanyar magana ta sami dubban masu duba makarantu da ba ta biyan su ko kwabo. Muna fata waɗanda abin ya shafa za su ji, su kuma aikata. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.